Birkin Bindigar Baba Yakubu

Ranar sunan jikata a unguwar Old Trafford ta Manchester, bayan an ci an sha mutane sun fara raguwa, wasu samari uku 'ya'yan abokaina suka zagaye ni da waya. Ɗayansu, mai karatun injiniya a uni, ya nuna mini bidiyon wani Ba'amurke mai gemu. Ya ɗora bututun bindiga a inji, ya feƙe bakin, ya ɗaura mata birki, ya harba, ya yi dariya. Minti shida aka gama komai. Yaron ya ce, "Uncle, wai wannan ne aikin da kuka shekara talatin kuna yi? Ai ba wuya." Na ce ya zagayo ta damana ya sake faɗa, don kunnena na hagu ba ya ji. Ya zagayo ya sake faɗa. Ban ba shi amsa a ranar ba, gida cike yake da baƙi. Ga amsar yanzu, shi da sauran.

Sunana Sani. Gidanmu a Zariya gidan maƙera ne, kakana har bindigar toka yana ƙerawa, irin wadda mafarauta ke kira harba-ka-ruga. Ni ban gaje shi ba, boko aka sa ni. Na zo Ingila koyon aikin inji, na samu aiki a wata masana'antar kayan mota a Birmingham, na kama ɗaki a Handsworth. Da masana'antar ta rufe aka sallame mu, na yi watanni ina yawon neman aiki, har na ga wata 'yar takarda manne a tagar wani shago a tsohuwar unguwar maƙeran bindiga, ana neman wanda ya iya inji. Mai shagon wani tsohon Bature ne, Mista Len, gajere mai yawan tari, yatsunsa baƙi ƙirin da mai. Ya karɓi takarduna ya ajiye bai karanta ba. Ya miƙo mini guntun ƙarfe da magagari, ya ce in goge shi har kowace fuska ta kwanta daidai.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Wata uku na yi a kan guntun ƙarfen nan da 'yan'uwansa. Kullum kafin a tashi sai ya shafa baƙin hayaƙin fitila a wani faranti, ya goga ƙarfena a kai, ya nuna mini inda baƙin ya kama da inda bai kama ba, ya jefa a kwandon shara. Ba ya zagi, ba ya yabo. Sai da 'yan sanda suka gama binciken ko ni wane ne sannan ya bar ni na taɓa bindigar mutane, kuma ko a nan wankewa kawai na yi ta yi har shekara ta zagayo. Doka ɗaya ce bai taɓa sassautawa ba: duk bindigar da aka miƙo maka, buɗe ta ka duba cikinta da idonka, ko da yanzu aka buɗe ta a gabanka. Wata rana ya buɗe wata, ya nuna mini babu komai, ya rufe ya miƙo. Na karɓa na ajiye a benci. Ya ɗauko kwat ɗina daga ƙusa ya ba ni, ya ce in dawo ranar Litinin.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai lathe, injin da ke juya ƙarfe ana feƙe shi, wanda ya girme ni da shekaru, kuma sai ya yi rabin awa yana ɗumi da safe kafin a yarda da shi. Akwai magagarai sun fi ashirin, ba a barin ɗaya ya gogi ɗaya a aljihun tebur. Sukuddireba ba a saya a yi aiki da ita haka, sai ka wasa bakinta ta shiga kan ƙusar da za ka kwance cif, don in ta zame ta karce bindigar mutum, tabon zai fi ka daɗewa a duniya. Sai agogon awo mai allura ɗaya, wanda ke nuna karkacewar da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Shi ne alƙalin shagon. Ido yana ƙarya, hannu yana ƙarya, shi ba ya yi.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai manomi da zai shigo da takalmi duk taɓo, ya ajiye tsohuwar bindigar ubansa da aka ɗaure gindinta da waya, ya ce a gyara kafin Asabar, dila ya dame shi. Akwai mai hali da zai tarar da ni a kanta, ya riƙa leƙen bayana yana tambayar ina mai aikin. Mista Len yakan fito ya karɓa da ladabi, mutumin na juya baya ya miƙo mini.

Wata Talata ina kwance kunamar wata bindiga, wani ɗan ƙaramin sifirin ya yi tsalle daga hannuna ya ɓace. Na ce, "Kash." Sai na ji daga bakin ƙofa an ce, "Sannu. Ga shi can ƙarƙashin benci." Na ɗago. Wani dogon baƙin mutum ne sanye da kayan direbobin bas, da jakar bindiga a kafaɗa. Shekarata takwas a shagon ban taɓa ganin baƙar fata ya shigo da bindiga mai lasisi ba, balle mai jin Hausa.

Ya ce, "Mutumin ina?"

Na ce, "Zariya."

"Ni Kagoro. Ashe maƙeran Zazzau har nan kuka biyo mu."

Shi ne Baba Yakubu. Ya girme ni da shekara goma sha uku, kuma ashe layi uku ne tsakanin gidansa da nawa a Handsworth. Tun daga ranar yake ce mini Sarkin Maƙera, ni kuma in ce masa Sarkin Baka. Mahaifinsa maharbi ne a duwatsun garinsu. Wani Bature da suke coci ɗaya yana da wa mai gona a kusa da iyakar Wales, barewa na cinye masa 'ya'yan itatuwan da ya dasa, ta nan Baba Yakubu ya samu hanya. Sai da ya yi kwas, ya kawo masu tsaya masa, ya kafe akwatin ƙarfe a bango, 'yan sanda suka zo suka duba. Yakan ce, "Turawa sau ɗaya ake kallonsu, ni sau uku. Shi ya sa ko tikitin fakin ban taɓa yarda an ba ni ba." In ya samu sa'a yakan kawo mini cinya guda naɗe a leda, ya ce shi dai ya ambaci sunan Allah kafin ya harba, sauran bayani in tambayi malaminmu. Malamin ya ce a ci.

Bindigarsa tsohuwa ce mai nauyi, gindinta na katako mai duhu. Kusan shekara ashirin ni ke duba ta kafin lokacin farauta. Bai taɓa miƙo mini ita a rufe ba. Tun daga bakin ƙofa zai zare ta daga jaka, ya buɗe, ya nuna mini cikinta. Mista Len, wanda ba ya yabon kowa, ya taɓa ce mini da duk masu bindiga haka suke da ya riƙa barci lafiya.

Shekarar korona ce ta karya mu. Aka rufe shagon, aka rufe filayen harbi, babu mai fita farauta. Bindigogin mutane suka zauna a ɗakin ajiya, nakan je sau ɗaya a mako in shafa musu mai kada su yi tsatsa, in dawo ta titunan da babu kowa. Da sanyi ya shigo tarin Mista Len ya kai shi asibiti, bai fito ba. Mutane ƙalilan aka yarda su je jana'iza, kuma ni ba dangi ba ne. 'Ya'yansa suka sayar da ginin ga masu mayar da shi gidajen zama, wato flat. Injin nan da na yi rabin rayuwata a gabansa bai fita ta ƙofa ba, sai da aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka kai wa masu gwangwan. Na fita da agogon awo da magagaraina a jaka ɗaya. A wannan shekarar ce kuma matar Baba Yakubu, Mama Saratu, ta rasu. Ni da iyalina muka tattara muka koma Manchester inda babban ɗana yake, na samu benci a bayan shagon wani a wajen gari, kwana uku a mako.

Bindigar Baba Yakubu ta biyo ni bayan shekara guda. 'Yarsa Rahila ce ta tuƙo shi, ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Birmingham, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar rabi Turanci ne. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya buɗe bindigar a bakin ƙofa kamar kullum.

Ya ce, "Sarkin Maƙera, ta yi mini nauyi. Bara na hau tudu da ita, sau huɗu na zauna. Rage mata."

Na ce, "Sarkin Baka, nauyin nan ba banza yake ba. Shi ke shanye shurin da take yi. Duk abin da na cire mata, kafaɗarka ce za ta ɗauka."

"Kafaɗar da ta shekara talatin tana juya sitiyarin bas? Rage kawai."

Na rage. Na cire gindin katakon na sa mata na roba mai ƙarfi marar nauyi, wanda sai da na kwana biyu ina daidaita zaman ƙarfen a cikinsa don kada ya yi motsi ko kaɗan. Na ɗan datse bututun iyakar abin da doka da hankali suka yarda, na sauya babban madubin saitin da ƙarami. Da ya zo ɗauka ya ɗaga ta da hannu ɗaya yana murmushi, ya ce ta koma budurwa. Na naɗe masa tsohon katakon a jarida. Ya miƙa wa Rahila ko kallonsa bai yi ba.

Bayan wata biyu ya dawo. Ya ɓalle maɓallin rigarsa ya nuna mini. Daga kafaɗa har kusa da gwiwar hannu jini ya kwanta baƙi, ga shi yana shan maganin tsinka jini. Ya ce ya kuskure sau biyu, na uku kuma ya raunata barewa bai kashe ba, suka bi jini tun safe har la'asar kafin mai gonar ya ƙarasa ta. Bai taɓa yin haka ba a rayuwarsa. Na gane abin da ya faru: jikinsa ya fara tsoron bindigar, yana runtse ido kafin ya ja kunama.

Ya ce, "Na ji ana sa musu birki."

Ku da kuka ga bidiyo, ga abin da birki yake. Wani guntun ƙarfe ne mai huda a gefe da gefe, ana ɗaura shi a bakin bututu. In harsashi ya fita, iskar wutar da ke biye da shi sai ta fita ta gefe maimakon gaba, shurin ya ragu sosai. Amma ƙarar ba ta ɓacewa, juyowa take yi ta dawo kan mai harbi da duk wanda ke tsaye kusa da shi. Na gaya masa haka. Na ce akwai abin da ya fi, wato abin rage ƙara da yawancin mafarautan ƙasar nan ke sawa, yana rage shuri yana kuma kare kunne, sai dai a koma wurin 'yan sanda su ƙara shi a lasisi.

Ya ce, "A'a, kada mu taso da maganar takarda. Daga takarda sai su ce a kawo shaidar likita, GP."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Rahila ba ta yi ba, ta sunkuyar da kai tana duba wayarta. Mutumin da ko tikitin fakin ba ya yarda da shi ne yau yake gudun takarda. Da Mista Len ne a wurin da ya ajiye bindigar ya tambayi dalili. Ni ban tambaya ba, na karɓi aikin.

Abin da mai gemun bai nuna muku ba shi ne ramin bututu ba lallai ya zauna a tsakiyar ƙarfen ba. A ido daidai yake, amma sau da yawa ya ɗan jirkice. In ka bi bayan ƙarfen ka yanka tiredi, wato murɗin da birkin zai ɗauru a kai, birkin zai zauna a karkace, harsashi ya goge shi a hanyar fita, kuma abin da zai biyo baya ba kyau. Ramin ake bi. Yini guda cur na yi ina ɗan matsa nan ina sassauta can, ina juya bututun da hannu, idona a kan allurar agogon awo, har ta daina motsi. Bututun Baba Yakubu siriri ne, naman ƙarfen da ya rage a baki kaɗan ne, in na zarce babu mayarwa. Yankan kansa bai kai minti ashirin ba. Washegari na daidaita birkin yadda hudojin za su kalli gefe sak, na goge mahaɗin har sai da farce ya daina jin inda bututu ya ƙare birki ya fara. Ban taɓa yin aikin da ya fi wannan tsabta ba.

Tunda an taɓa bututu, dole ta je gidan gwaji na Birmingham, inda ake harba ta da abin da ya fi ƙarfin harsashin yau da kullum, in ta jure a buga mata hatimi. Da kaina na kai ta. Na bi ta gaban tsohon shagonmu, na ga tukwanen fure a tagar da nake zama. A makonnin da muke jira Baba Yakubu ya riƙa bugo waya. Wata rana sau uku ya kira, kowane kira da sabuwar gaisuwa kamar ba mu yi magana ba. A na ukun ya ce in ba Mista Len waya, yana so ya ji daga bakinsa. Na ce, "Sarkin Baka, ai Mista Len ya rasu." Ya ce, "Na sani mana. Gwada ka nake yi."

Ranar gwaji Asabar ce da safe, ana yayyafi. Shagon da nake aiki a Manchester yana da ɗan filin harbi a bayan wata gona, da rumfar katako da benci. Mu uku ne kawai, kowa da abin toshe kunne. Ya zauna, ya gyara kafaɗa, ya harba uku a natse. Bindigar ko girgiza shi ba ta yi ba. Na duba allo ta madubi, murfin kwalba ɗaya zai rufe hudojin uku. Na ɗaga masa babban yatsa. Rahila ta matso ta bayana tana magana, na ɗage abin kunnena na hagu don in ji ta. A daidai lokacin na ga hannunsa ya ja ya tura, harsashi na huɗu ya shiga. Sai ya miƙe tsaye, ya juyo da bindigar a ƙugu, yatsansa a kan kunama, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Saratu, zo ki gani."

Bakin bindigar yana kallon ƙirjin Rahila. Na kira sunansa, bai ji ba, kunnensa a toshe. Na kai hannu na cafki bututun na tura sama. Ta tashi. Harsashin ya huda rufin rumfar, birkin kuwa yana daidai gefen kaina. Ban ji ƙara ba, ji na yi kamar an maka mini faifan ƙarfe a fuska. Da na dawo hayyacina ina durƙushe, bindigar na hannuna, tafina ya ƙone, wani abu mai ɗumi na gangarowa ta wuyana. Rahila na tsaye inda take, hannuwanta biyu a baki. Baba Yakubu ya dubi rufin, ya dubi bindigar. Na ga leɓensa na motsi, na juya masa kunnen dama. Cewa yake, "Wa ya sa mata harsashi?"

Na buɗe ta, na zazzage sauran, na kulle ta a but ɗin motata. Ya biyo ni.

"Ba ni bindigata."

Na ce, "Ba yau ba, Baba."

Rahila ta zaunar da shi a motarta ta rufe ƙofa, ta dawo da auduga tana goge mini kunne. Ta ce, "Uncle, tun bara ne. Sau biyu yana barin gas a kunne. Last month ya hau bas a layin da ya shekara talatin yana tuƙi, ya kasa gane inda zai sauka. Na so in gaya wa GP, but I knew za su karɓe ta. Tun da Mama ta rasu ita kaɗai ce ke fitar da shi daga gida." Ita 'yarsa ce. Ni ne aka koya wa duba cikin abu ko da an ce babu komai.

A asibiti suka ce dodon kunnen ya fashe, kuma ɓarnar ta wuce nan. Ranar Laraba na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham da auduga a kunne, na same shi a falonsa. Na roƙe shi ya mayar da lasisin da kansa, cikin mutunci, ba sai kowa ya ji ba. Na ce mai gonar ba zai hana shi bin su daji ba ko babu bindiga.

Ya ce, "In bi su in riƙe musu jaka?"

"Baba, saura kaɗan ka kashe Rahila."

"Kai ka taɓa kunamar. Aikinka ne ya lalace kake so ka ɗora mini."

Ban taɓa kunamar ba, kuma na gwada ta ya fi sau ashirin bayan abin, lafiyarta ƙalau. Da wadda ke hannuna ce kaɗai da na riƙe ta na yi shiru. Amma akwai wata a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin matakala, ta harbin tsuntsaye, da harsasanta, makullin kuma na rataye a wuyansa. Na ce na ba shi zuwa Lahadi. Ya tashi ya buɗe mini ƙofa, ko ruwa bai ce in sha ba.

Ranar Litinin na buga waya ofishin 'yan sanda masu kula da lasisi, na faɗi abin da na gani. Washegari da hantsi suka je, mota biyu, maƙwabta na tsaye a ƙofofinsu. Rahila ta ce ya sa su jira, ya hau sama ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya sauko ya miƙa makullin da hannunsa.

Magana ta zaga cikin mutanenmu daga Handsworth har Moss Side a Manchester. Aka ce Sani ya kai ɗan'uwansa ƙara wurin Turawa. Wasu suka ce bindigar nake so. Wasu suka shigo da addini ciki, suka ce da Musulmi ne da na rufa masa asiri. Akwai waɗanda muka shekara ashirin muna gaisawa da suka koma tsallaka titi in sun hango ni. Rahila ta gaya wa duk wanda ya tambaye ta gaskiya, amma masu tambayar ba su da yawa. Bindigar ta yi watanni a ɗakin ajiyarmu. An yanka ta daidai jikin mutum ɗaya, ga ƙara, ba wanda ya nuna sha'awa. A ƙarshe Rahila ta sa hannu aka miƙa ta ga masu lalatawa. Ni na rubuta fitarta a littafin rajistar shago.

Bayan shekara ɗaya da rabi Rahila ta bugo mini, ta ce an kai shi gidan kula da tsofaffi, ba nisa da tsohon gidansu, in ina so in gan shi gara in zo. Na je wata Alhamis da azahar. Yana zaune a kujera kusa da taga, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Na gaishe shi da Hausa, fuskarsa ta washe, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi gida da yara. Na ga bai san ni ba.

Rahila ta ce, "Baba, baƙo ne daga Manchester."

Ya ce, "Manchester? Akwai wani Bazazzagi a can, maƙeri. Ka san shi?"

Na ce, "Na san shi."

"Ya riƙe mini bindiga. Shi ya turo mini 'yan sanda a gaban maƙwabta." Ya saki hannuna ya gyara bargon. "In ka gan shi ka ce ban yafe ba."

"Zan gaya masa."

Ya juya yana kallon taga, har na ɗauka ya manta da mu. Can ya ce, "Amma ka ce ya yi sauri ya gama mini. Lokacin barewa ya kusa wucewa. In ba shi ba, ba wanda zan bari ya taɓa ta."

Na ce to. Wata ma'aikaciya ta turo keken shayi, ta zuba masa rabin kofi. Hannunsa ya daina iya riƙewa, sai na riƙe masa ya sha.